A Karanta Gindin Kwanson Igwa Kafin a Ɗora Shi a Sikeli

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, daga Malikanci har Hunƙuyi, tsohon ƙarfe ya zama kuɗi. 'Yan gwangwan na bi lungu-lungu suna saye, tagulla kuwa ta fi baƙin ƙarfe daraja nesa ba kusa ba. A cikin tarkacen da ake kwasowa daga tsofaffin ɗakuna akan ci karo da kwanson harsashin igwa, wato gwangwanin tagullar nan da ke ɗauke da albarushi, wanda igwa ke tofarwa bayan ta tashi. Wani ya mai da shi mazubin kusoshi, wani kuma yana rantsuwa cewa da shi Nasara suka ci Kano. Mai sayarwa a kilo da mai rantsuwar duk abu guda suka tsallake: ba su kifa shi sun duba gindinsa ba, alhali a nan maƙeransa suka buga shaidarsa.

Maganar yaƙin Kano ba ta rasa tushe ba. A ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji sama da 700 da igwa huɗu masu faɗin baki milimita 75, ya yi arewa. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga wata suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, lokacin Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Igwar da suka yi aiki da ita ƙirar kamfanin Vickers da Maxim ce, wadda ake wargazawa 'yan dako su ɗauka gunduwa-gunduwa, kuma kwansonta gajere ne. Saboda haka abin da za a fara yi shi ne a auna bakin kwanso da tsayinsa. Faransa ma tana da igwa mai milimita 75, amma kwansonta dogo ne, ya kai santimita 35, kuma a gindinsa akan ga 75 DE C tare da lambar rukunin ƙira da shekara.

Ingilishi sun fi kowa yawan rubutu a gindin kwanso. Da fari akwai sunan igwar, wanda sau da yawa nauyin harsashinta ne: 18 PR ko 25 PR. Wannan kaɗai yakan kashe gardama, domin igwa mai 18 PR sai a 1904 ta fara aiki, mai 25 PR kuwa ta Yaƙin Duniya na Biyu ce, babu yadda za a yi ɗayansu ta ga Bebeji a 1903. Sai wata alama mai kama da sawun kaza, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Sai haruffan masana'anta: RL na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Landan, VSM na Vickers da Maxim, EOC na Elswick. Sai shekarar ƙira. Abin da ya fi burge ni shi ne CF, alamar an cika kwanson da cikakken albarushi, domin duk lokacin da aka mayar da shi aka sake cikawa sai a ƙara masa F. Kwanso mai CFF ya shiga igwa fiye da sau ɗaya ke nan. Ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindi, wanda ake sara wuta ta kama, shi ma yana da tasa shekarar, kuma yawanci ita ce ta fi kusa da lokacin da aka harba shi.

Na Jamus sun fi sauƙi, don sukan rubuta sunan ma'aikata ɓaro-ɓaro, kamar Polte Magdeburg ko Patronenfabrik Karlsruhe, da wata da shekara. Ba abin mamaki ba ne a tarar da irinsu a Arewa, tunda sojojinmu sun yaƙi Jamus a Kamaru, aka ci Garwa a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916. Wanda aka buga wa 105MM M14 tsarin Amurka ne, mai haruffan Rasha da baki milimita 122 kuma na zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ko bayansa.

Za a ce to in shekarar ta nuna 1901 ko 1902, ai magana ta ƙare, kwanson na yaƙin Kano ne. A'a. Tambari yana faɗin inda aka ƙera abu da lokacin da aka ƙera shi, ba ya faɗin inda aka harba shi. Irin igwar da aka ci Kano da ita ta yi aiki a Sakkwato da Burmi a shekarar nan ta 1903, kuma sojoji sun daɗe suna atisaye da ita. Ga barikin horar da kurata na Zariya, ga Jaji, ga makarantar igwa ta Kachiya, duk a jihar Kaduna. Rubutun gindi yana iya ƙaryata labarin gida kai tsaye, amma ba ya iya gaskata shi shi kaɗai, sai an haɗa da sanin wanda ya kawo shi da inda ya yi aikin soja. Wani kuma zai ce me za a yi da tarkacen waɗanda suka ci mu da yaƙi? Amsar ita ce yawancin tarihin wannan yaƙi da alƙalamin Gwamna Lugga da hafsoshinsa aka rubuta shi, don haka duk wata shaida da za mu iya riƙewa a hannu mu auna da kanmu ba abin narkarwa ba ce.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na haɗari, kuma gaskiya ne. Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi kwanso ne fanko, mai buɗaɗɗen baki, wanda ake hango cikinsa, maɓallin gindinsa kuma da shaidar sara. In kan harsashin yana nan a maƙale, ko abin dunƙulen ƙarfe ne mai tsini, ko mai fukafukai a wutsiya, to tsufa ba ya kashe shi, sai ma ya ƙara masa saurin tashi. Kada a kankare shi, kada a kai shi maƙera, kada a ɗora shi a babur. A nisanta yara, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, suna da sashen masu kwance bam. Wanda kuwa ya tabbata fanko ne, a wanke gindinsa da ruwa da sabulu, ban da goga da yashi ko toka, a ɗauki hotonsa da waya, a rubuta sunan wanda aka gada daga gare shi, sannan a nuna wa ma'aikatan Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kaduna kafin a yi ciniki da ɗan gwangwan.