Tsatsar ƙasan mota: Inda ake bambance gyaran gaskiya da rufa-rufa

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Peugeot 504 ta haya, ya ɗaga shimfiɗar roba ya hango kwalta tana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, ya san irin ɓarnar da tsatsa ke yi wa mota.

Motar ta fito a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta shafe shekaru tana haɗa ta. Har yau akwai masu neman farfaɗo da wadda suka gada daga iyaye. Sai dai da yawa kan fara da fenti da kujeru, su manta da ƙarfen da kujerun ke zaune a kai.

Daga ina tsatsar ke farawa?

Galibi daga ciki take cin ƙarfe. Robar gilashin gaba ko ta ƙofa takan tsufa, ruwan damina ya riƙa zurarowa, kafet ya shanye shi ya riƙe laima tsawon makonni. Wankin mota da ake kwarara ruwa a ciki shi ma haka yake yi.

Motocin Beljiyam kuwa daga waje suke kamuwa, saboda gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara.

Me ya sa ramin ke da haɗari?

A 504, kamar yawancin ƙananan motoci, bodi da firam abu guda ne. Farantin ƙasan yana cikin abin da ke riƙe motar, kuma a jikinsa ake ɗaure kujeru. Idan ya ruɓe, kujera na iya ɓallewa a lokacin hatsari.

Akwai kuma hayaƙin salansa. Idan ya shigo ta ramin, yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ba ta da wari ko launi. Tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kuma iya kisa idan gilasai na rufe.

Yadda aikin ya kamata ya kasance

Da farko a cire kujeru da kafet, a kankare tsohon baƙin shafen da ke kan ƙarfen. A bi ko'ina da sukudireba ana dannawa: inda ya lotsa ko ya huje, ƙarfen ya mutu.

Kafin a kunna giranda, a cire kan batir, a duba bututun mai da na birki da wayoyin da ke bi ta ƙasa. Tartsatsi ɗaya kusa da fetur ya isa ya cinye motar da garejin.

Idan wurin da za a yanke yana da faɗi, mai walda ya fara tokare bakin ƙofofi da sandunan ƙarfe. In ba haka ba bodin zai sauka, ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Sai a yanke har a kai ga ƙarfe mai lafiya. Sabon farantin ya zo daidai da kaurin na asali, wato kusan milimita 1, a kuma buga masa kwari-kwari irin na asali, domin su ke hana shi lanƙwasa. Kwanon rufi bai dace ba: ya yi siriri, kuma hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana cutar da mai walda.

Waldar ma ɗigo-ɗigo ake yi, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Daga nan a shafa fentin hana tsatsa, a toshe mahaɗa da gam, a fesa baƙin shafe ta ƙasa.

Abin da mai mota zai lura da shi

Gyara mai araha shi ne a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, a lulluɓe da fila, a fesa baƙin fenti. Laima na maƙalewa tsakanin ƙarfe biyun, tsatsa ta ci gaba a ɓoye. Araha dai ba ta ado.

Don haka ka nemi ganin aikin kafin a shafa komai a kai, ka leƙa sama da ƙasa. Sannan ka sauya robobin da suka jawo yoyon tun farko, in ba haka ba damina mai zuwa za ta sake jiƙa sabon ƙarfen.