Makin JAMB da hawayen ɗiyata: abin da mu iyaye ba mu faɗa muku

Ranar da sakamakon JAMB ya fito, ɗiyata ba ta ci tuwon dare ba. Maki 178 ta samu. Ni kuwa, maimakon in ce mata sannu da ƙoƙari, abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ɗiyar maƙwabcinmu fa 240 ta ci." Ta shige ɗaki. Kwana biyu ba mu haɗa ido ba.

Ni uba ne daga Sabon Birni, kuma ku matasa nake son in yi wa bayani, don na san da yawanku kuna ganin mun cika takura. Gaskiya ne, muna takurawa. Amma tsoro ne ke sa mu.

Duk wanda ya san Sabon Birni da Isa ya san yadda rayuwa ta koma. Gona ta zama wurin da ake zuwa da fargaba, shanu an kore, wasu ƙauyuka har haraji 'yan bindiga suke ɗora musu. A irin wannan hali, uba yana ganin takardar makaranta ce kaɗai dukiyar da ba a korawa daji. Shi ya sa na sayar da tumaki biyu na biya kuɗin rajista da na lasin da na motar zuwa Sakkwato. Da sakamako ya zo, tumakin na tuna, ban tuna yarinyar ba.

Mahaifiyarta ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Malam, ka lissafa abin da ka kashe, amma ka lissafa abin da ta ratsa?"

Sai na lissafa. A Disamban 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan iyaka. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da namu. Lokacin da tsararrakinta na birni ke kallon darasi a YouTube, ita ko kira ba ta iya yi. Ga dare nawa da ta kwana da takalmi a ƙafa saboda an ce "suna tafe". Sannan aka zaunar da ita gaban kwamfuta, abin da ba ta taɓa mallaka ba, aka ce ta yi gasa da ɗan Legas.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A jarrabawar 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar ma, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, aka sake wa kusan ɗalibai 380,000 jarrabawa a Legas da kudu maso gabas. To in hukuma na iya kuskure, yaro fa?

Wani abin da ke ƙara zafin shi ne waya. Wanda ya ci 280 zai ɗora a status, ana ta "Masha Allah". Masu 160 kuwa shiru kake ji. Sai ka ɗauka kai kaɗai ka faɗi, alhali ku ne mafi yawa.

Ku sani ƙofa ba ɗaya ba ce. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, kwalejin ilimi da foliteknik 100, kodayake kwasa-kwasai irin likitanci suna neman fiye da haka nesa. Ban da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Foliteknik ɗin Umaru Ali Shinkafi. Mu iyaye ne muka maƙale wa "likita ko lauya", alhali makarantun garuruwanmu malamai suke nema ido rufe.

Idan abin ya yi maka nauyi, har barci ko abinci ya gagara, kada ka bar shi a ciki. Faɗa wa mama, ko yaya, ko malamin da ka yarda da shi.

Ni dai a dare na uku na ƙwanƙwasa mata ƙofa, na ba ta haƙuri. Na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba: me take son ta zama? Ta ce malamar firamare, a nan gida. Shekara 17 muna gida ɗaya, sai ranar na sani.