PS4 ko PS5: Wacce Ta Dace da Matashin Gauraka?

Duk matashin Gauraka da ya tara 'yan kuɗinsa yana son ajiye na'urar gem a ɗaki, zaɓinsa bai cika wuce biyu ba: PS4 da kamfanin Sony na Japan ya fitar a 2013, ko ƙanwarta PS5 ta Nuwamban 2020.

In ƙarfi ake magana, ba a haɗa su. PS5 tana buɗe wasa cikin daƙiƙu, inda yayarta sai ka zauna jira, domin ma'ajiyar PS5, mai gigabait 825 a samfurin farko, ba faifai ne mai juyawa ba. Tana fitar da hoton 4K, tana kuma karɓar kusan duk wasannin PS4. Abin da ya fi burge ni shi ne hannun bugawarta, DualSense: a wasan ƙwallo, in ɗan wasanka ya gaji, maɓallin gudu yakan yi tauri a yatsanka, ka ji gajiyar tun kafin ka gan ta.

To amma me muke bugawa? Ka leƙa gidajen gem daga Gauraka har Madalla, ƙwallo ce, Madrid da Barcelona, safe da yamma. Wasan FIFA, da ya koma EA Sports FC a 2023, ya ci gaba da fitowa a PS4. Shi kuwa hoton 4K sai da talabijin mai iya nuna shi; ka haɗa PS5 da tsohon talabijin na falo, rabin abin da ka biya ba za ka gani ba.

Sai batun wuta, wanda a nan ne hukuncin yake. PS5 na jan kusan wat 200 ana tsakiyar wasa, siririyar PS4 ta 2016 kuwa ba ta kai nan ba ko kusa. Ranar da ba a kawo wuta ba, ƙaramin janareta ko batirin sola ya fi jure wa PS4. Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani: PS5 mai rahusa ba ta zuwa da wurin sa faifai, komai sai an sauko da shi ta intanet, wani wasan ya haura gigabait 50. Kuɗin data kaɗai ya isa, ga shi ba damar aron faifai wurin aboki.

Dala 499 aka sa wa PS5 mai faifai da ta fito, kowa kuma ya san halin da naira ta shiga tun 2023. PS4 ta hannu tana samuwa a Banex da ke Abuja, masu gyara sun san cikinta.

Gaskiya kwanan PS4 na ƙarewa, don manyan wasanni irin Spider-Man 2 sun tsallake ta. Mai hali da tsayayyiyar wuta ya sayi PS5. Amma wanda ƙwallo ce damuwarsa, PS4 ta ishe shi. In za ka sayi ta hannu, a kunna ta a gabanka, ka saurari ƙarar fankarta, ka gwada hannu biyun kafin ka miƙa kuɗi.