Kifin Lafiya da Makurɗi da Turawa Suka Fi Mu Sani

Duk mai shiga otal-otal da manyan ofisoshin Abuja, a Maitama ko Wuse, ya san akwatin gilashin nan da ake girkewa a wurin karɓar baƙi, kifaye na ta kai da komowa a ciki. Kusan dukkansu baƙi ne. Jan kifin nan mai ruwan zinariya asalinsa ƙasar Sin ne, gufi mai faffaɗar wutsiya kuwa daga Kudancin Amurka ya fito. Abin takaicin shi ne, a rafukan jihohin da ke maƙwabtaka da mu akwai ɗan kifin da ya fi su kyau, ga shi ba mu ko kallonsa.

Masana na kiransa Fundulopanchax gardneri. George Boulenger na gidan tarihin Landan ne ya raɗa masa suna a 1911, daga samfurin da aka ɗebo a Najeriya. Tsawonsa bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba. Namijin shuɗi ne mai haɗe da kore, an yayyafa masa jajayen ɗigo tun daga kai har wutsiya, a wasu yankunan kuma gefen fiffikensa rawaya ne. Macen ba ta da wannan ado, launin ƙasa gare ta. Masu kiwonsa a Jamus da Amurka da sunan garin da aka samo kakanninsa suke kiransa: wannan na Lafiya ne, wancan na Makurɗi, ga na Akure, ga na Jos. Ba sa yarda su haɗa na wani gari da na wani, don kada jini ya gauraya.

Yadda yake hayayyafa ya cancanci a zauna a kalla. Namiji zai buɗe fiffikensa gaba ɗaya, launinsa ya ƙara turuwa, ya riƙa kewaya mace yana tare mata hanya. In ta amince sai su matsa cikin saiwoyi ko ciyawar ruwa, ya manna jikinsa da nata, ya lulluɓe ta da fiffiken bayansa. Su yi 'yar karkarwa tare, ƙwai guda ya fita ya maƙale a jikin saiwa. Shi ke nan, sai su sake wuri. Ba ta zubar da ƙwan a tashi ɗaya kamar tarwaɗa, kaɗan-kaɗan take yi kowace rana. A cikin ruwa ƙwan kan ƙyanƙyashe bayan mako biyu zuwa uku, kuma ko ruwan ya janye yakan jure kwanaki a cikin danshi.

Wani ɗan'uwansa na arewa ya ma fi shi ban mamaki. A 1928 Bajamushe Ernst Ahl ya bayyana wani kifi daga kogin Kiyawa, kusa da Katagum, sunan wurin ne ma ya bi shi: kiyawensis. A kududdufan damina yake rayuwa, cikin laka yake binne ƙwansa. Rani na yi kududdufi ya ƙafe, iyayen su mutu murus, amma ɗan tayin da ke cikin ƙwan ya dakatar da girma, ya kwanta a busasshen taɓo wata da watanni har ruwan fari ya sauka. Gaiwa ita da kanta take shiga laka ta jira damina, shi kuwa ƙwansa yake bari. Wannan na cikin dalilan da ke sa a ga kifi a ramin da jiya-jiya ƙura ke tashi, har a ce da ruwan sama ya faɗo.

Kiwon gardneri bai da tsada. Akwatin lita 30 zuwa 40 ya ishi namiji ɗaya da mata biyu, maza biyu kuwa faɗa za su yi ta yi. Murfi dole ne, domin gwanin tsalle ne, ƙaramar kafa ta ishe shi ficewa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe don kulorin ya fita. Ya fi son sanyin digiri 22 zuwa 26, saboda haka a zafin Maris da Afrilu a nisanta shi da taga. Ko an ɗauke wuta ba ya galabaita da wuri, tunda da ma a ruwa mai tafiya a hankali ya saba. Tsutsar sauro kuwa ita ce abincin da ya fi so. Don samun ƙwai, a ɗaure guntayen zaren ulu kamar tuntu a jefa a ruwa, bayan kwana biyu a ciro a matse a hankali. Za a ga ƙwan kamar ƙwayar gero, garai-garai, yana da taurin da za a iya tsince shi da yatsa.

Damuwata tana ga rafukan kansu. Ƙananan ƙoramun da ke zuba a kogunan Usuma da Wupa na Abuja, waɗanda irin waɗannan kifaye ke buƙata da inuwarsu da saiwoyinsu, kullum gini na cinye su, ana mayar da su kwalbatin siminti, shara da ruwan wanki na bi ta ciki. Wanda zai ɗebo kifi a rafi ya ɗauki kaɗan, ya rubuta sunan wurin da ranar. Wanda kuma ya gaji da baƙon kifinsa ya ba wani mai kiwo, kada ya juye shi a tafkin Jabi.