Yaron da Ba Ya Haɗa Ido da Mutane

Yara biyu na iya toshe kunne su ruga ɗaki da jin ƙarar babur, alhali dalilansu sun sha bamban. Na farko ƙarar ce ke huda masa kunne, haka yake yi wa injin markaɗe da lasifikar biki tun yana goye. Na biyu kuwa a kan babura 'yan bindiga suka shigo ƙauyensu. Ɗaya na da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Ɗaya firgici ne ya bar masa tabo.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin kamannin nan. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu, ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. Wani likita mai suna Michael Rutter ya bibiyi waɗanda iyalai a Ingila suka ɗauka riƙo, ya ga wasunsu na jijjiga jiki da maimaita abu guda tamkar masu otizim. Da suka samu kulawa, alamun da dama sun ragu.

Shi ya sa tambayar farko ita ce: tun yaushe? Otizim kan bayyana kafin shekara 3: a kira sunan yaro bai waiwayo ba, ba ya nuna wa uwarsa abu da yatsa. Firgici kuwa yana da ranar da ya fara. Uwa za ta ce, "Da surutu gare shi, tun daren nan ya yi shiru." Sai mugun mafarki, sai fitsarin kwance ya dawo.

Magana ma tana tona bambancin. A ce wa mai otizim "zuba ido", yana iya tsayawa yana mamakin yadda ake zuba shi, domin zance yake ɗauka yadda aka furta. Wanda ya firgita ya gane sarai, sai dai hankalinsa na kan murya da fuska, yana laluben alamar faɗa. Mai otizim zai jera murafen kwalba don jerin na kwantar masa da hankali. Wanda ya firgita kuwa zai yi ta wasan harbi da ɓuya.

Kuma yaro ɗaya na iya haɗa biyun, musamman da yake masu otizim sun fi shan tsangwama da duka. Rarrabewa aikin ƙwararru ne, irin na asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, Kaduna da Kware, kuma za su so jin tarihin yaron daga bakin wadda ta goya shi.