Zangon Lome: Daga ina hayaƙi da ƙurar da muke shaƙa suke fitowa?

Tun da aka tashi Zango daga tsakiyar birnin Lome a 1977 aka mayar da shi Agoè, unguwar take zaune a bakin babbar hanyar da ta nufi arewa. A nan tashar Terminal du Sahel take, inda manyan motocin da ke kai kaya Burkina Faso da Mali da Nijar suka daɗe suna yada zango. Hanyar ta kawo ciniki, ta kuma kawo hayaƙi.

Na farko cikin abubuwan da ke gurɓata iskar unguwar shi ne hayaƙin tireloli da tsofaffin motoci da baburan zemijan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta bankaɗo yadda ake shigo wa Afirka ta Yamma da man dizal mai yawan sinadarin sulfa, irin wanda aka haramta a Turai. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince kada sulfa ya wuce kashi 50 cikin miliyan.

Na biyu ita ce ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsakanin Disamba da Fabrairu. A cikin ƙura da hayaƙi akwai ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5. Sun fi silin gashi siranta kusan sau 30, shi ya sa suke ratsa huhu su shiga jini, su tayar da asma, su jawo ciwon zuciya.

Na uku kuwa a cikin gida yake. Gawayin da aka hura a ɗaki a rufe yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, amma tana kisa. Mata masu girki da yaran da ke goye sun fi kowa shaƙar hayaƙin murhu.

Sai shara. Ledar da aka ƙona tana sakin hayaƙi mai guba, wadda aka yar kuma tana toshe kwata, ruwa ya kwanta da damina, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Tun 2018 ake kai sharar Lome babbar matattara ta Aképé.

Ƙurar Sahara ta fi ƙarfin kowa, ingancin mai kuma aikin hukuma ne. Amma girki a sarari, barin ƙona leda, miƙa shara ga masu kwasa da kashe inji idan mota ta tsaya, duk suna hannun mutanen Zango.