Araha Ba Ta Ado: Lissafin Masauki Ga Mai Ƙetare Iyaka

Garin Illela yana arewa da Sakkwato kamar mil 50, daidai bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Tsakaninsa da Birnin Ƙonni tafiya kaɗan ce, sai dai yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1904 da 1906 ta ratsa tsakaninsu, ta mai da maƙwabci baƙo. Ran Lahadi, ranar kasuwar Illela, za ka ga masu shanu da raƙuma da tumaki sun kwararo daga arewa, masu hatsi da kayan masarufi kuwa suna haramar hayewa Ƙonni da Tawa, har Agadas. Kowane ɗayansu tilas ya kwana a ƙasar da ba tasa ba, kuma kowa yana neman inda zai sami rangwame. To, wane masauki ne ya fi sauƙi? Wannan tambaya daɗaɗɗiya ce, mun kuwa ga ya kamata malaman makaranta da akawuna su san amsarta, domin su ne jama'a ke zuwa wurinsu neman lissafi.

Kakanninmu fatake sun san hanya uku ta rage tsadar kwana a baƙuwar ƙasa. Ta farko ita ce shiga ayari. Masu fataucin goro, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su kan tashi daga Kano su biyo ta Jega ko Yawuri, su haye Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni. A 1826 Kyaftin Clapperton, Baturen nan da ya rasu a Sakkwato a 1827, ya gamu da wani ayari a Kayama ta ƙasar Bargu, mutum ya fi 1,000, da dabbobin kaya kusan haka. Amfanin wannan taro shi ne madugu ke yin magana da sarakunan hanya a madadin kowa. Shi zai kai gaisuwa, shi zai yi cinikin kuɗin fito da na zango, sa'an nan a raba wa 'yan ayari gwargwadon kayan kowa. Abin da za a yanka wa mutum ɗaya in ya zo shi kaɗai ya fi rabonsa na cikin taro nesa. Amma fa wanda ya shiga ayari ya sallama ragamarsa: ranar da madugu ya ce a tashi ita ce ranar tashi, inda jagaba ya nuna nan za a sauka.

Hanya ta biyu ita ce sauka a zango, watau filin da a kan keɓe wa baƙi a bayan gari. A nan mutum zai kafa 'yar bukkarsa, ya sayi ruwa da itace da harawa, ya gai da sarkin zango. Abin da ya kashe a fili yake, yana ganinsa kowace safiya. Ba wanda zai hana shi sayar da kayansa ga wanda ya ga dama, amma kuma ba wanda zai tsaya masa in an cuce shi. Irin waɗannan wurare ne suka zama unguwanni, har yau ana kiransu Zango a Kumasi da Lome da Kwatano da Damagaram.

Hanya ta uku ita ce gidan fatoma, wanda a kurmi aka fi sani da maigida. Shi wannan ba ya karɓar kuɗin ɗaki ko anini. Zai ba baƙo wurin kwana, ya aiko masa da tuwon dare, ya ajiye masa kuɗinsa da kayansa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda masu gidajen Hausawa ke saukar da fataken shanu da na goro. Ya nuna cewa ribar maigida daga la'ada take fitowa, domin dillalansa ne kaɗai za su sayar da dabbobin baƙonsa. Ko da mai saye ne ya miƙa la'adar da hannunsa, daga cikin kuɗin dabbar take fita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai maigida yana ba da wani abu wanda zango ba ya bayarwa: in an sayar wa mahauci da shanu bashi, shi ne mai lamuni, in mahaucin ya gudu shi zai biya.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ke da wannan damuwa. A ƙasashen Turai akwai masu yawon hutu da ke jan wani ɗan ɗaki mai ƙafafu a bayan motarsu, suna kwana a filayen da aka tanada, masu famfo da lantarki da makewayi. Zango ke nan, sai dai na masu shaƙatawa. Su ma suna da katin rangwame iri iri. Akwai na kamfanin ACSI na ƙasar Holan, wanda a kan saya shekara shekara. Mai riƙe da shi yana biyan tsayayyen kuɗi na mutum biyu kowane dare, amma sai a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Da tsakiyar lokacin zafinsu, sa'ad da makarantu ke hutu kowa ya fito, katin ba ya aiki. Akwai kuma wanda a ke kira Camping Card International, wanda ƙungiyoyin masu mota da na masu yawo ke ba 'ya'yansu. Shi wannan wani kaso a ke ragewa daga cikin kuɗin da mai fili ya sa, ya kan kuma tsaya a matsayin shaidar mai shi, yana ɗauke da inshora in baƙo ya yi wa wani ɓarna. Ka ga na farko ya ɗaure matafiyi da lokaci kamar yadda madugu ke yi, na biyu kuwa ya yi kama da maigida mai tsaya wa baƙonsa.

To, yaya za a gwada? Ga misali wanda malami zai iya rubuta wa 'yan aji a allo. A ƙaddara wani falke ya kawo shanu 10. In ya sauka a zango zai kashe jaka 2 ta sefa kowane dare. In ya sauka gidan maigida ba zai biya kwana ba, amma la'adar jaka 3 za ta fita daga kowane sa, watau jaka 30. In kasuwa ta yi kyau ya sayar cikin kwana 5, zango ya ci masa jaka 10 kurum, ya tsira da 20. In kasuwa ta yi sanyi ya kai kwana 20, zango ya ci jaka 40, gidan maigida ya fi. Wurin da suka yi kunnen doki shi ne kwana 15. Haka lissafin katin Turawa yake: in an sayi kati a kan kuɗi 20, yana rage 5 kowane dare, sai an kwana 4 kafin a mai da uwar kuɗi, wanda zai kwana 3 kuwa hasara ya saya.

Amma akwai abin da allo ba ya nunawa. In falken nan na zango ya ba da sa ɗaya bashi aka gudu da kuɗinsa, duk jaka 20 da ya tsimi ba ta kai kuɗin ƙafar san ba. Don haka muke cewa tambaya huɗu ce ta kamaci matafiyi kafin ya yi murna da rangwame. Me zan biya tun kafin in fara cin moriyarsa? Kwana nawa zan yi? Da me aka ɗaure ni, da lokaci ne, ko da wuri, ko da dillali? In abu ya ɓaci, wa zai tsaya mini?

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin madugu da maigida duka, shi ne hukuncin gwamnati. Gwamna Lugga ya ɗora wa ayari haraji a kowane lardi da suka ratsa, har aka soke shi a 1907. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko, zangunan hanyar Gwanja da yawa suka zama kufai. A zamaninmu an rufe iyakar Illela a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba ta 2020. An sake rufewa a Agusta ta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Wanda ya biya kuɗin masauki na dogon lokaci a gaba don kwaɗayin ragi, ranar da aka sa shinge bai ga kuɗinsa ba bai ga ɗakin ba. Wanda kuwa rufewar ta rutsa da shi a ƙetare, ya gane bambancin maigidan da ya san ubansa da mai hayar da ya san aljihunsa kawai.

Saboda haka muna roƙon malamai su riƙa ba yara irin wannan lissafi da sunayen garuruwan da suka sani, da kuɗin da iyayensu ke taɓawa, naira da sefa. Akawun da falke ya zo wa da shawara kuma, kada ya tsaya ga kuɗin dare ɗaya, ya haɗa masa jimlar tafiyar tun daga fita har komowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su da riba.